Man Gyaɗa a Kwalbar Zaitun

Ni mai matsar man gyaɗa ce, kuma mai matsar man gyaɗa ce ta haife ni. A Gummi na tashi, a gindin turmin Inna na yi wayo. Tun ban kai tsawon taɓarya ba nake gane gyaɗar da ta soyu da wadda ta fara ƙonewa daga ƙofar gida, ba sai na leƙa kasko ba. Na yi boko har na gama sakandare, na yi aure, na haifi uku, sai Allah Ya karɓi ran maigidana. Ranar da na fita takaba Yaya ne ya zo da motar haya ya kwashe ni da yarana da 'yan komatsanmu, ya samo mana gida a bayan gidan su Baba. Ya ce, "Auta, koma ga sana'ar Inna. Ba ki wulaƙanta ina raye."

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, shi babba ni ƙarama, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Shi ya riƙa kai ni firamare a bayan keke. Shi ya tsaya mini lokacin da dangin maigidana suka so raba ni da 'ya'yana. Ban taɓa faɗin sunansa ba, shi kuma Auta yake ce mini ko a gaban yarana. Ina faɗin wannan tun da wuri don a san da wa na yi rigima. Ba baƙo ba ne. Bayan iyayena shi ke nan mini a duniya, kuma tun ranar da abin ya fara na san ina iya rasa shi.

Yaya yana da shago a bakin kasuwa, yana sayar da zuma da dabino da habbatus sauda da turaren wuta da man zaitun. Yakan kuma ɗaura kaya a babur ya kai kasuwar Bukkuyum, wani lokaci har Anka in hanya ta yi lafiya. Da na kafa turmina, shi ya zama babban mai ɗaukar man da nake matsa. Sai dai nasa da sharaɗi yake zuwa. Kada gyaɗar ta soyu sosai, ta ji wuta kawai a sauke. Kada in toya ƙuli-ƙuli a cikin man. In bar shi ya kwanta mako guda, in tace shi sau biyu da farin ƙyalle har ya fito garau. Ya ce masu gidajen abinci ne ke so a Gusau, wai ba sa son ƙamshi ya danne musu girki.

Na ce, "Yaya, man gyaɗar da ba ya ƙamshin gyaɗa me za a yi da shi? Ai gara su zuba ruwa su huta."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai matsa. Bakinki ya fi hannunki aiki."

Na matsa kuwa. Aikin ya fi na kullum cin rai, don gyaɗar da ba ta soyu ba rowar mai gare ta. Sai ka yi ta tuƙa ƙullun a turmi kana ɗiga ruwan zafi har kafaɗarka ta sage kafin man ya fara tsattsafowa. Amma na Yaya ne, ban taɓa yi masa ƙorafi na gaske ba.

A daminar da ta biyo baya Baba ya faɗi a gona. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin hagu, hannu da ƙafa suka yi nauyi, magana ma sai a hankali. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce a rage masa gishiri a rage mai. Inna ta daina zuba masa man gyaɗa a miya, a gidan da ake matsarsa tun kafin a haife ni. Na sha ganin Baba yana kallon kwanonmu. Sai wani malami abokinsa ya ba shi shawarar zaitun, ya ce itace ne mai albarka da Allah Ya ambata, ya riƙa shan cokali guda da safe, a kuma riƙa shafa masa a hannun. An tambayi likita ya ce cokali guda ba laifi, kada dai a bar ƙwayoyi.

Yaya ya ce wannan nasa ne. Duk tsayuwar wata zai zo da kwalba ƙarama, man ciki kore shar, a jikinta hoton ganye da rubutun Larabci. Zai durƙusa ya miƙa, Baba ya karɓa da hannunsa mai lafiya ya ce, "Allah Shi yi maka albarka." In kwalba ta ƙare Baba ba ya yarda a yar da ita a ƙasa saboda rubutun da ke jiki, sai a saka ta a wani kwando da aka rataye a zaure. Haka aka yi shekara biyu, kwando ya cika aka ƙaro wani.

Inna ce ke shafa masa kullum. Wata rana kasko ya ƙona ta a tafin hannu, ta aiko in zo in karɓe ta. Da hantsi ne, Baba yana zaune a tabarma a inuwar darbejiya. Na tsiyaya man a hannuna, na murza tafukana don ya yi ɗumi kada sanyinsa ya dame shi, na fara bin hannun daga kafaɗa zuwa yatsu. Ban kai gwiwar hannu ba ƙamshin ya taso mini. A sama akwai wani ɗan warin ganye, kamar zogalen da aka shanya a ɗaki. A ƙarƙashinsa kuwa gyaɗa ce. Ba gyaɗar kowa ba, gyaɗar da ta ji wuta kaɗan aka sauke, wadda na sha shaƙa har ta fita raina. Hannuna ya tsaya cak.

"Lahiya, Auta?" in ji Baba.

Na ce lafiya lau. Na ƙarasa shafar ban san yadda na ƙarasa ba, na faki idonsa na ɗebi kaɗan a murfin kwalba na tafi da shi gida.

A gida na ɗora ƙaramin kasko a wuta na ɗiga shi. Wallahi ko minti bai yi ba ɗakin girkina ya ɗauki ƙamshin da yake ɗauka duk ranar aiki. Na goge kaskon, na ɗebo daga jarkar da na tace wa Yaya na ɗiga. Babu bambanci ko na sisin kwabo, in ban da koren nan. Na zauna a kan turmi na riƙe kai. Mutumin da aka hana man gyaɗa, wanda matarsa ke ɗebe masa miya kafin ta zuba mai, shekara biyu yana shan man gyaɗa cokali guda kowace safiya da bisimilla, yana sa albarka. Kuma hannuna ne ya matsa shi. Na ji kunya, na ji haushi. Sai kuma na tuna ba Baba kaɗai ba ne. Jarkokin da nake cikawa sun fi ƙarfin cokalin mutum guda. Can Bukkuyum, can Anka, akwai masu jego da masu ciwon ƙafa da iyayen jarirai da suka sayi man da na matsa da sunan zaitun, suka kai wa malamai aka yi musu tofi a kai.

Na koma wajen Inna a fusace, na same ta ita kaɗai a ɗaki tana hura hannunta. Na rufe ƙofa na ce, "Inna, kin san abin da Baba ke sha?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun cokalin hwarko. Ni na koya miki matsar mai, kina tsammanin hancinki ya hi nawa?"

Ta ce ta yi ta kuka a ɓoye, ta yi wa Yaya magana sau biyu ya ce zai bari, bai bari ba. Ta ce cokali guda bai kashe tsohon ba, amma in ya ji ɗansa ne ya yi masa haka, jininsa zai hau ya ƙarasa shi. Ta kama hannuna da hannunta mai ƙuna, tana cije baki don zafi, ta ce in yi mata alkawari ba zan faɗa wa Baba ba. Na yi mata. Amma na ce, "Inna, bakina na ba ki. Hannuna ban ba ki ba. Ko ɗigo ba na ƙara matsa masa."

Bayan kwana biyu Yaya ya zo ɗaukar kaya. Ya jingine babur, ya shigo yana tsokanar yarana kamar kullum, ya ce ina jarkoki. Na kori yaran waje. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, sannan na ce man yana nan amma ba na ba shi, na san inda yake zuwa, ba Gusau ba ne.

Da farko ya yi dariya. Da ya ga ba wasa a fuskata sai ya sha toka. Ya ce, "Mi ka damunki, Auta?"

"Algus, Yaya. Da man hannuna."

"Ke, iya bakinki! Wa ya mutu? Mai ne mai tsabta, ke kika matsa shi, kin san ba guba ciki. Je ki ga abin da wasu ka zubawa. Ni nawa ma abinci ne."

"To ka rubuta man gyaɗa a jikin kwalbar, ka sayar. Ni da kaina zan liƙa maka takardar."

Ya miƙe tsaye. Ya ce duk kasuwar haka take, na gasken ya fi ƙarfin talaka, mutane kwalba suke so su gani su samu natsuwa, kuma niyya ce ke aiki ba mai ba. Na ce ko Baba? Sai ya juyo ya jefe ni da maganar da ta fi komai yi mini ciwo, don gaskiya ce. Ya ce, "Ke kin ma san zaitun? Kin taɓa ganin na gaske da idonki? In an aje miki shi nan ba ki gane shi. Kina hwaɗa kan abin da ba ki sani ba." Ya fita bai yi mini sallama ba, karo na farko a rayuwata.

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Da na share hawaye kuma na ce to, ban sani ba, amma zan sani. Na rantse Baba sai ya sha zaitun na gaske kafin ɗayanmu ya bar duniya, tunda shi yake zaton yana sha.

Na fara bin shaguna da masu baza kaya a rana. Na saya a Gummi, na shiga mota na je Bukkuyum na sayo. Kowane mai shago rantsuwa yake yi nasa daga Makka aka zo da shi, har na fara tunanin ko mutanen Makka sun bar wa kansu na shafawa. In na dawo gida sai in murza a tafi in shaƙa, in ɗiga a kasko. Wani gyaɗa ne. Wani man waken suya ne irin na jarkar kanti. Wani ba ya ƙamshin komai, wani kuma turare suka zuba masa don ya rufe. Abin da ba shi ba ne ina iya ganewa. Amma maganar Yaya tana nan daram, shi kansa ban san shi ba.

Wata mata da ke sarin ƙulina tana kaiwa Anka ita ta ba ni labarin wata Hajiya tsohuwa a can, wadda ta yi shekaru masu yawa a Jidda tana girki a gidan Larabawa kafin ta dawo gida. Ta ce 'yarta tana can har yanzu, takan aiko mata da kaya. Inna ta ce hanyar nan ba ta da tabbas, in zauna. Na ce na ji. Washegari na bi motar safe da kwalabe biyar a jaka da ƙullin ƙuli mai yaji.

Na sami Hajiya tana tsince shinkafa a faranti. Gajeriya ce, ga haƙorin Makka, ga baki. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, ban ambaci Yaya ba, na jera mata kwalabe a tabarma. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana kai wa hanci tana tsaki. Da ta zo kan ta ƙarshe ta ce, "Wanga kam ko ƙafar jakina ba ni shafa ma shi."

Na ce, "Hajiya, amma duba yadda ya yi kore, ga Larabci a jiki."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ɗiyata, can ko buhun siminti da Larabci ake rubuta shi. Ku nan da kun ga baƙin Larabci sai jikinku ya yi sanyi, kun ɗauka aya ce. Kore kuma ba shaida ba ne. Akwai na gaske mai ruwan ɗorawa, akwai mai kore, ya danganta da 'ya'yan da lokacin da anka tsinke su. Masu algus sun san ido kuke bi, shi ya sa suke rina muku." Ta ce babbar matsalarmu ita ce mun mai da shi magani. Mutum zai rufe ido ya haɗiye da sauri da bisimilla, ba ya tsayawa ya ji abin da ke bakinsa, in ya yi shakka ma sai ya ga kamar ya yi saɓo. Can kuwa abinci ne, a kan dafaffen wake ake zuba shi da safe a ci da burodi, kowa ya san ɗanɗanonsa.

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani mai kusurwa huɗu daga ƙarƙashin gado, inda rana ba ta kaiwa. Ta tsiyaya kaɗan a kofin shayi, ta ce in rufe bakin kofin da tafi ɗaya in riƙe gindinsa da ɗayan har ya yi ɗumi. Na buɗe na shaƙa. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ne da aka yanko da safe, da wani abu kamar ganyen tumatir in ka murza shi. Babu nauyin nan na man da aka soya. Ta ce in kurɓa in juya shi a baki kada in yi saurin haɗiyewa. Na ji ɗaci-ɗaci irin na ɗanyen gauta. Na haɗiye, na buɗe baki zan ce ai ba komai, sai wani yaji ya kama ni can cikin maƙogwaro. Na yi tari har sau uku, idona ya kawo ruwa.

"Yawwa," in ji Hajiya. "Yanzu kun gaisa."

Na ce mu a sana'armu man da ke maƙaƙi ya tsufa ne, zubarwa ake yi. Ta ce in tsaya in saurari bakina. Na tsaya. Maƙaƙin tsohon mai yakan zo da hamami, ya liƙe a harshe ya ƙi tafiya. Wannan ya zo ya wuce, ya bar bakin fes. Ta ce shi ma zaitun in ya tsufa ko ya sha rana haka yake yin hamami, don haka kada in sayi wanda aka baza a tire a tsakiyar kasuwa ko da na gaske ne. In nemi na gwangwani ko na baƙar kwalba, murfinsa a liƙe ba a taɓa karya shi ba, in duba ƙasar da aka matsa shi da lokacin da aka matsa. "Amma duk wanga ana iya bugawa a takarda," in ji ta. "Hancinki da maƙogwaronki su ne ba a bugawa." Ta wanke wata ƙaramar kwalbar magani mai ruwan ƙasa, ta shanya ta bushe, ta cika mini. Ƙulin kawai ta karɓa, ta ce shi ta fi kewa duk zamanta a can.

A mota ina dawowa na riƙe kwalbar a cinya ina faɗa da zuciyata. Na yi wa Inna alkawari ba zan faɗa ba. Amma na san Baba ba yaro ba ne, in ya kai wannan baki zai san ba abin da yake sha ba ne, kuma zai san wa ke kawo masa wancan. Na yi ta gaya wa kaina cewa na gasken kawai nake so ya sha. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Akwai wani gefe na zuciyata da ke so ya sani, don na ga babu mai iya tsayar da Yaya sai shi. Yaya ya riga ya samu wata mai matsa masa a wata unguwa, labari ya zo mini. Na san abin da nake yi, ba zan ce ban sani ba.

Da safe na shiga gida da kwalbar. Inna ta gan ta ta gane. Ta tare ni a bakin ɗakin girki ta ce a hankali, "Auta, ki ji tsoron Allah." Na ce, "Shi nake ji, Inna." Na wuce.

Na gaishe da Baba, na ce wata Hajiya ce a Anka ta ba ni zaitun daga cikin wanda ake aiko mata, na ce bari in kawo masa. Ya ce madalla. Na zuba a cokali na miƙa masa. Ya yi bisimilla ya sha. Fuskarsa ta yamutse, ya yi tari, ya sake yi, Inna ta taho da ruwa da gudu. Ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya ce wannan ya lalace ne? Na ce a'a Baba, haka Hajiya ta ce yake. Ya ce in ƙara masa kaɗan. Wannan karon bai haɗiye da sauri ba, ya bar shi a baki yana kallon ƙasa. Sannan ya ce a miƙo masa tsohuwar kwalbar. Ya buɗe da haƙori ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa.

Ya ce, "Ni kam na ce ikon Allah, ashe zaitun ɗan'uwan gyaɗa ne."

Bai tambaye ni komai ba, bai tambayi Inna ba. Na kwana uku ina zaryar duba shi ina jiran abin da Inna ta tsorata ya faru, in zama ni na kashe ubana. Allah Ya rufa asiri, jinin bai hau ba. Ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, da safe ya sha cokalinsa daga kwalbar Hajiya ya yi tarinsa. Sai dai ya rage magana, har rediyonsa ya daina kunnawa.

Wata ya tsaya. Ina tsakar gida ina taya Inna wanke-wanke Yaya ya yi sallama. Bai dube ni ba. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya miƙa kwalbarsa kamar yadda ya saba. Baba ya karɓa ya ajiye a gefen tabarma. Ya jawo kwalbar Hajiya, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe, ya tsiyaya a cokali da hannu ɗaya, rabi na zuba a rigarsa. Ya ce, "Buɗe bakinka."

Yaya, mutum mai 'ya'ya bakwai da gemu, ya buɗe baki kamar ɗan yaye. Ya haɗiye. Tarin ya kama shi ya yi ta yi.

"Ka ji?" in ji Baba.

"Na ji, Baba."

"Ni ma na ji." Ya ɗan huta, don doguwar magana tana ba shi wahala. "Ƙanwarka ba ta ce mini komi ba. Uwarka ma haka. Shekara biyu ina sa maka albarka bisa wanga abu. Ban janye ta ba, ɗana kake, na yahe maka. Amma akwai waɗanda ba su haihe ka ba. Su ma sun sha, sun shafa ma marasa lahiyarsu. Ba ni da ikon yahe maka a madadinsu."

Yaya ya daɗe a durƙushe kansa a ƙasa. Inna tana kuka ba sauti, hannunta cikin ruwan wanke-wanke. Da ya tashi sai ya bi ta gabana zai fita. Na ce, "Yaya." Bai tsaya ba.

A makon ya sauke duk kwalaben zaitun daga shagonsa. Na ji an ce ya juye su a jarka ya ba masu ƙosai a matsayin man gyaɗa. Har yau in an tambaye shi zaitun cewa yake babu. Ni kuma na samu wani direban Sakkwato da ke sayo mini na gwangwani daga babban kanti, in ya kawo sai na karya murfin da hannuna, na ɗumama, na shaƙa, na kurɓa, sannan in kai wa Baba. Sau ɗaya na mayar wa direban da gwangwanin, don ba shi ba ne. Matan unguwa sun fara kawo mini kwalabensu in duba musu, wasu su gode, wasu su tafi suna zagina don na ce abin da suka kai wa malami ba shi ba ne. Oho, na dai faɗa.

Baba ya yafe wa Yaya. Inna ta yafe masa, ta daɗe tana fushi da ni sannan ta sauko. Yaya yana zuwa gida kullum, shi ke kai Baba asibiti, shi ke yi masa aski. Yarana in sun je shagonsa yana cika musu aljihu da dabino. Ni ce kawai. Shekara uku ke nan bai taka gidana ba, bai ce mini Auta ba. In zai yi maganata a gaban Inna sai ya ce "ɗiyarki." Yana yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma da za a mayar da ni cikin motar nan ta Anka da kwalba a cinya, gidan Baba zan sake nufa.

Jiya mun haɗu a zaure, yana fita ina shiga. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Yaya, ina wuni?" Ya ce "Lahiya," yana kallon babur ɗinsa, ya wuce. Gobe ma in na gan shi zan durƙusa.